Na'urar farfaɗo da zuciya: Abin da ya kamata a sani kafin a saya wa kasuwa ko ma'aikata a yankin Bakalori

Na'urar farfaɗo da zuciya ta tafi-da-gidanka, wadda ma'aikatan lafiya da dillalan kayan asibiti suka fi sani da haruffan AED, ɗan ƙaramin akwati ce mai aiki da batir. Aikinta shi ne ta karanta bugun zuciyar mutumin da ya yanke jiki ya faɗi, sannan ta aika wa zuciyar wutar lantarki idan ta ga akwai buƙata. Nauyinta kimanin kilo 1 zuwa 3 ne, kuma an ƙera ta ne domin wanda ba likita ba ya iya amfani da ita, saboda ita da kanta take faɗa masa abin da zai yi daki-daki.

Batun mallakar wannan na'ura yana da nauyi na musamman a yankin Bakalori, wato ƙananan hukumomin Talatar Mafara da Bakura da Maradun a Jihar Zamfara. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Bakalori a kan Kogin Sakkwato a 1978, yankin ya zama matattarar manoman rani da masunta da fatake. Kasuwar Talatar Mafara tana cika maƙil kowace Talata, ga ɗalibai da malamai a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, ga kuma ma'aikatan sakatariyoyi uku. Amma manyan asibitoci, irin su Cibiyar Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Ahmad Sani Yariman Bakura a Gusau, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, kowannensu tafiyar fiye da awa guda ne a mota. Wanda zuciyarsa ta tsaya kuwa, mintuna kaɗan ne suka rage masa.

Bambancin tsayawar zuciya da toshewar jijiyarta

A bakin jama'a da kafafen labarai, akan ce wane ya rasu sakamakon “bugun zuciya”, alhali cututtuka biyu ne mabambanta ake haɗawa a wannan suna. Na farko shi ne toshewar ɗaya daga cikin jijiyoyin da ke ciyar da naman zuciya da jini. Mai wannan yakan ji ciwo ko nauyi a ƙirji, ya yi gumi, numfashi ya yi masa wuya, amma yana cikin hayyacinsa, yana magana. Abin da yake buƙata shi ne a kai shi asibiti ba tare da ɓata lokaci ba.

Na biyu shi ne tsayawar zuciya farat ɗaya. Zuciya tana da nata tsarin lantarki da ke sa ta matsewa da saki a kan ƙa'ida. Idan tsarin ya rikice, manyan ɗakunanta na ƙasa sai su kama makyarkyata maimakon harba jini. Cikin 'yan daƙiƙoƙi mutum zai faɗi sumamme, numfashinsa ya ɗauke ko ya koma wani irin kakari jefi-jefi. Toshewar jijiya tana iya haifar da wannan hali, haka ma kumburin zuciya, jan wutar lantarki, nutsewa a ruwa, da wasu cututtukan zuciya na gado da kan kama matasa.

Wutar da na'urar ke aikawa tana katse makyarkyatar ne gaba ɗaya na ɗan lokaci, domin zuciya ta samu damar komawa bugunta na asali. Saɓanin abin da ake nunawa a finafinai, ba ta tayar da zuciyar da lantarkinta ya riga ya mutu murus. Shi ya sa ake son a kawo ta tun makyarkyatar ba ta lafa ba.

Lissafin mintuna

Ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 da yankewar jini. Masana sun ƙiyasta cewa kowane minti guda da ya wuce ba a yi wa mutum komai ba, damar tsirarsa tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Idan akwai wanda ke danna masa ƙirji, raguwar takan sauka zuwa kashi 3 zuwa 4. Majalisar Farfaɗo da Majiyyata ta Turai ta bayyana a ƙa'idojinta na 2015 cewa idan aka aika wutar cikin minti 3 zuwa 5 da faɗuwa, kashi 50 zuwa 70 na iya tsira.

Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2000 ya bi diddigin masu gadin da aka horar a manyan gidajen caca. Daga cikin waɗanda aka aika wa wutar kafin cikar minti 3, kashi 74 sun fita asibiti da ransu, yayin da kashi 49 ne suka tsira a cikin waɗanda aka kai gare su bayan haka. Masu gadi ne suka yi aikin, babu likita a cikinsu.

Taƙaitaccen tarihi

A 1899 wasu masana biyu a birnin Janiba na Suwizalan, Prévost da Batelli, suka nuna a jikin karnuka cewa lantarki na iya haddasa makyarkyatar zuciya, kuma wuta mai ƙarfi na iya tsayar da ita. A 1947 wani likitan fiɗa a Amurka, Claude Beck, ya ceto yaro ɗan shekara 14 ta wannan hanya lokacin da ƙirjinsa yake buɗe a ɗakin tiyata. A 1956 Paul Zoll ya nuna cewa ana iya aika wutar ta kan fata ba tare da an tsaga ƙirji ba.

Wanda ya fitar da na'urar daga asibiti zuwa titi shi ne Farfesa Frank Pantridge na birnin Belfast a Ireland ta Arewa. A 1965 ya haɗa wadda aka ɗora a motar asibiti, mai nauyin kilo 70, tana aiki da batiran mota. Zuwa 1968 ya rage nauyin zuwa kilo 3. Daga ƙarshen shekarun 1970 aka fara ƙera masu tantance bugun zuciya da kansu, waɗanda a yau ake rataye su a filayen jiragen sama da makarantu da manyan shaguna a ƙasashe da dama.

Darasi daga filayen ƙwallo

A ranar 12 ga Agusta, 1989, ɗan wasan Najeriya Samuel Okwaraji ya faɗi a Babban Filin Wasa na Surulere da ke Legas ana tsakiyar karawa da Angola, kuma bai tashi ba. Yana da shekara 25. A ranar 8 ga Maris, 2020, Chineme Martins na ƙungiyar Nasarawa United ya faɗi a Lafiya yayin wasa da Katsina United, ya rasu. Jaridu sun ruwaito cewa motar ɗaukar marasa lafiya da ke filin ta ƙi tashi, kuma bayan haka Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya ta ce kada a sake buga wasa sai da cikakkun kayan aikin lafiya da ma'aikata.

A ranar 12 ga Yuni, 2021, ɗan wasan Denmark Christian Eriksen ya faɗi a birnin Kopenhagen a wasansu da Finland. An fara danna masa ƙirji nan take, aka aika masa wuta sau ɗaya, zuciyarsa ta dawo. Kafin shekara ta zagayo ya koma taka leda a Ingila. Abin da ya samu shi ne na'ura a kusa, da mutanen da suka san abin yi da ita.

Waɗanda suka fi shiga haɗari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cututtukan zuciya da jijiyoyin jini sun kashe mutum miliyan 17.9 a 2019, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu na mamatan suna ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaicin ƙarfi ne. A Najeriya, kimanin mutum 3 cikin manya 10 suna da hawan jini, da yawansu ba su sani ba. Hawan jinin da aka daɗe ba a kula da shi ba yana kumbura zuciya ya raunana ta. Ciwon suga, shan taba da ƙiba suna ƙara haɗarin.

Arewa maso Yamma tana da wata matsala ta daban: raunin zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki ko a watannin farko bayan haihuwa. Wani bincike da aka yi a asibitin koyarwa na Sakkwato, aka wallafa a 2007, ya samu kusan mace 1 cikin kowace haihuwa 100, adadin da ke cikin mafi yawa a duniya. Wannan ya sa dole a sanya mata cikin waɗanda za a horar, domin a gida ko a wurin biki ko a asibitin haihuwa, mace ce ta fi kusa da 'yar uwarta, kuma ita ce za ta buɗe mata ƙirji ba tare da jinkirin kunya ba.

Wa ya kamata ya saya?

Tambayar da mai hali yakan fara yi ita ce ko ya saya ya ajiye a gida. An gwada wannan a wani babban bincike da aka wallafa a 2008, wanda ya ƙunshi mutum 7,001 da suka taɓa fama da toshewar jijiyar zuciya. An ba rabinsu na'urar su ajiye a gida, rabi kuma aka koya wa iyalansu danna ƙirji da kiran agaji. Ba a samu bambanci a yawan mace-mace ba, saboda sau da yawa abin yakan faru ne mutum yana barci ko yana shi kaɗai. Wanda likita ya tabbatar yana cikin babban haɗari, akwai wata ƙaramar na'ura da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ƙirji, irin wadda aka dasa wa Eriksen, kuma likitan zuciya ne ke yanke wannan shawara. Ga yawancin gidaje, na'urar awon hawan jini da shan magani a kan kari sun fi amfani.

A wuraren taruwar jama'a kuwa sakamakon ya sha bamban. Wani bincike na 2004 a Amurka da Kanada ya samu mutum 30 da suka tsira a wuraren da aka ajiye na'urar tare da horar da 'yan sa-kai, yayin da 15 suka tsira a wuraren da aka koyar da danna ƙirji kaɗai. Ma'aunin da masana Turai suka bayar shi ne, wurin da ake tsammanin zuciyar wani za ta tsaya ko da sau ɗaya cikin shekara 5 ya cancanci a ajiye masa na'ura.

A yankin Bakalori, wuraren da suka fi dacewa su ne manyan asibitocin ƙananan hukumomi da cibiyoyin lafiya na matakin farko, sai kasuwar Talatar Mafara da tashar mota, sakatariyoyi, makarantun gaba da sakandare, manyan masallatan Juma'a da filayen wasa. Tun da kaya ne mai tsada, saye na haɗin gwiwa ya fi sauƙi: ƙungiyar 'yan kasuwa, ƙungiyar direbobi, ƙungiyar ma'aikata, ko ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwan madatsar. Mai neman sadaka mai gudana ma yana iya saye ya bayar, muddin ya haɗa da kuɗin kula da ita.

Abubuwan dubawa kafin a biya kuɗi

Na farko, a tabbata AED ce ta jama'a. Akwai babbar na'ura ta asibiti wadda sai ƙwararre ya karanta allonta ya zaɓi ƙarfin wuta, ita kuma ba ta dace da kasuwa ko ofis ba. Akwai kuma ta koyarwa, mai kama da ta gaske a siffa da murya, amma ba ta fitar da wuta. Wannan tana da arha ƙwarai, don haka duk wanda ya ga farashi ya faɗi warwas a intanet, ya bincika da kyau.

Na biyu, shaidar inganci. Hukumar NAFDAC ce ke yi wa kayan aikin lafiya rajista a Najeriya, sai a nemi dillali ya nuna takardar rajistar. A duba tambarin CE na Turai ko amincewar hukumar FDA ta Amurka. Cikin sanannun kamfanoni akwai Philips, Zoll, HeartSine, Defibtech, Mindray, Nihon Kohden da Schiller. A karɓi rasit da takardar garanti mai ɗauke da lambar na'urar.

Na uku, batir da filasta. Na'urar tana zuwa da filasta biyu masu waya waɗanda ake mannawa a ƙirji, kuma sau ɗaya ake amfani da su. Ko ba a buɗe su ba, man da ke jikinsu yana bushewa, shi ya sa suke da wa'adin shekara 2 zuwa 5 gwargwadon kamfani. Batirin yawanci ba a cajinsa, yakan kai shekara 4 zuwa 5, saboda haka rashin wutar lantarki ba ya hana ta aiki. Misali, Zoll AED Plus tana amfani da ƙananan batira 10 irin na kyamara, HeartSine kuma ta haɗa batir da filasta a ƙunshi ɗaya mai wa'adin shekara 4. Filastar wani kamfani ba ta shiga na'urar wani, don haka a tambayi dillali inda za a samu sabo, da farashinsa, da tsawon lokacin da zai iso.

Na huɗu, nau'in aiki. Wata na'urar takan umarci mai agaji ya danna maɓalli, wata kuma takan yi gargaɗi ta aika wutar da kanta. Duka suna aiki, sai dai a wuri mai hayaniya da cunkoso, mai maɓalli tana ba mutum damar ya tabbata kowa ya janye hannu. Mafi yawan waɗanda ake shigowa da su Turanci suke yi, sai a zaɓi mai hotuna da fitilun nuni, a kuma rubuta matakan da Hausa a liƙa kusa da ita. Idan makaranta ce ko asibiti, a nemi filastar yara ko maɓallin rage wuta domin 'yan ƙasa da shekara 8 ko kilo 25.

Na biyar, farashi. Sabuwa a kasuwannin Amurka takan kama daga kimanin Dala 1,200 zuwa 2,500, wanda a kuɗin Najeriya magana ce ta miliyoyi, kuma tana hawa da sauka tare da canji. Ta gwanjo tana da rahusa, amma sau da yawa batirinta ya kusa mutuwa, filastarta ta wuce wa'adi, ko kamfanin ya daina ƙera kayan gyaranta.

Zafi, ƙura da wurin ajiya

Yawancin kamfanoni suna sharɗanta ajiya tsakanin digiri 0 zuwa 50, wasu ma ba su yarda a wuce 43 ba. A bazarar Zamfara zafi yakan haura digiri 40 a inuwa, cikin motar da aka rufe a rana ko shagon kwano kuwa ya fi haka nesa. Irin wannan zafi yana cinye batir ya busar da filasta. A ajiye ta a ɗaki mai iska, nesa da rana. Saboda ƙurar hunturu da feshin damina, a nemi mai lambar kariya IP55 ko sama da haka.

Kada a kulle ta a ofishin da maƙullinsa ke aljihun mutum ɗaya. A rataye ta inda kowa zai gani, da alamarta ta duniya, wato koren allo mai farar zuciya da zanen walƙiya, a wurin da mai sauri zai je ya dawo cikin minti 3. Na'urar tana gwada kanta lokaci-lokaci, tana nuna koriyar alama idan lafiya lau take. A naɗa mutum ɗaya da mataimaki su riƙa dubawa kowane mako suna rubutawa a littafi, tare da ranar ƙarewar batir da filasta. A jakarta a ajiye almakashi, reza, tawul da safar hannu.

Yadda ake amfani da ita

Idan mutum ya faɗi, a girgiza kafaɗarsa a kira shi da ƙarfi. Idan bai amsa ba kuma ba ya numfashi yadda aka saba, a ɗauka zuciyarsa ce ta tsaya. Kakarin da yake yi ba numfashi ba ne. A tura mutum ɗaya ya ɗauko na'ura, wani ya kira lambar gaggawa ta 112 ko asibiti mafi kusa, wani ya nemo mota, a kuma matsar da taron jama'a. Kada a ɗura masa ruwa ko madara, kada a ɓata lokaci wajen yayyafi da fifita.

A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri. A ɗora tafin hannu a tsakiyar ƙirji, ɗayan a kansa, a riƙa dannawa zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Wanda aka horar yakan hura numfashi sau 2 bayan kowane danni 30, wanda ba a horar ba ya ci gaba da dannawa kawai. Ko haƙarƙari ya yi ƙara, kada a tsaya.

Da na'urar ta iso a kunna ta, a buɗe ƙirji, a goge gumi. A manna filasta ɗaya a saman ƙirji ta dama, ɗayar a gefen hagu ƙasa da hammata, kamar yadda hoton jikinsu ya nuna. Lokacin da take karantawa da lokacin aika wuta, kada kowa ya taɓa shi. Bayan wutar, ko idan ta ce babu buƙatar wuta, a koma danna ƙirji nan take. Duk bayan minti 2 za ta sake dubawa, kuma a lokacin ne masu dannawa za su karɓi juna. Ba ta aika wuta ga mai suma ko mai farfaɗiya wanda zuciyarsa ke bugawa daidai.

Ga wanda aka tsamo daga tafkin Bakalori ko magudanar ruwan rani, a fitar da shi zuwa busasshen wuri, a goge ƙirjinsa sosai kafin a manna filasta. Wanda ya nutse, rashin iska ne ya tsayar da zuciyarsa, don haka hura masa numfashi yana da muhimmanci ƙwarai tare da danna ƙirji.

Bayan zuciya ta dawo

Wanda ya farfaɗo bai fita haɗari ba tukuna, domin abin da ya tsayar da zuciyar yana nan. A bar filastar a jikinsa, a kwantar da shi a gefe idan yana numfashi, a kai shi asibiti mafi kusa, daga nan a tura shi Gusau ko Sakkwato. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin karɓar mai buƙatar kulawar gaggawa. Ganin yadda matsalar tsaro ke taƙaita tafiyar dare, da yadda aka taɓa katse layukan waya a faɗin jihar a watan Satumban 2021, ya kyautu duk ƙungiyar da ta sayi na'ura ta tsara tun farko motar da za ta ɗauki majiyyaci, da direbanta, da asibitin da za a nufa.

Horarwa ba ta wuce ta 'yan sa'o'i ba, kuma Ƙungiyar Red Cross ta Najeriya da ma'aikatan manyan asibitoci suna koyar da ita. Masu gadi, 'yan agajin masallatai, malaman makaranta, 'yan kamasho a tasha da shugabannin layukan kasuwa su ne suka fi dacewa, saboda kullum suna wurin. A maimaita horon aƙalla sau ɗaya a shekara, a kuma ware kuɗin sabon batir da filasta a asusun ƙungiya tun ranar da aka sayi na'urar. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.